Uwar mijina ta ruɗe, ni ke jinya, ni kuma ake kira ɓarauniya

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Zariya, 'ya'yana uku. Tun bayan rasuwar Alhaji, Hajiya mahaifiyar maigidana ta dawo gidanmu da zama. Da farko 'yar mantuwa ce: ta ajiye carbi ta yi ta nema, ta tambaye ka abu ɗaya sau uku. Yanzu abin ya wuce nan. Sai ta gama cin tuwo na ɗauke kwano, baƙi na shigowa ta ce musu tun jiya ko ruwa ba a ba ta ba. Ta ɓoye kuɗinta ta manta inda ta sa, ta ce ni na sace. Da la'asar sakaliya ta yafa mayafi ta ce gida za ta, Alhaji na jiran abinci. Ta taɓa ficewa ba mu sani ba, wani mai Napep ne ya tsinto ta wajen Ƙofar Doka. Da dare ba ta barci, ni ma ba na yi. Kwanan nan kuma ta fara sakin fitsari.

Yayyen maigida mata biyu sukan zo ranar Juma'a, su yi awa guda, su ji abin da ta faɗa a kaina, su tafi suna harara ta. Babbar ta ce sammu ne, an yi ta yawon gidajen masu magani, kuɗi sun tafi ba sauƙi. Ƙaninsu yana Abuja, waya kawai yake bugowa. Maigida kullum sai ya ce in yi haƙuri, aljanna nake nema. Na rufe keken ɗinkina. Shekaranjiya na daka mata tsawa, na shige ɗaki na yi ta kuka. Anti, akwai inda ake taimaka wa irinmu? Kuma zunubi ne in na ce na gaji?

Maman Hanif, Zariya

Wa alaikumus salam Maman Hanif. Sannu da ɗawainiya. Allah Ya ba Hajiya sauƙi, Ya ba ki ladan jinya.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don na ga ita ke cin ki. Ba zunubi ba ne. Duk macen da za ta wuni a tsaye, ta kwana ido biyu, ga yara, ga girki, ga wankin zannuwan fitsari, sannan a saka mata da harara, dole ta gaji. Tsawar da kika yi ki nemi gafarar Allah, ki rarrashi Hajiya, amma kada ki yanke wa kanki hukuncin mugunta. Aikin mutum huɗu ne aka ɗora wa mutum ɗaya. In ba a rage miki kayan nan ba za ki sake yi, wataƙila ma abin da ya fi tsawa. Shi ya sa ba zan ƙara miki wani “yi haƙuri” a kan wanda kike sha kullum ba. Maganar raba aiki za mu yi.

Likita ne zai tabbatar, amma alamomin da kika jero su ne na cutar mantuwa, wadda muka fi sani da gigin tsufa. Mukan ce ai tsufa ne, alhali ga tsofaffi nan 'yan shekara 90 suna lissafa maka jikoki da tattaɓa-kunne ba kuskure. Ciwo ne a ƙwaƙwalwa, ƙwayoyinta ke mutuwa sannu a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da shi, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin namu. Nau'in da ya fi yawa shi ne Alzaima, mai sunan likitan Jamus da ya fara bayaninsa a 1906. Mai bi masa shi ne wanda lalacewar jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa ke kawowa, abokin tafiyar hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki. Wannan na biyun ya kamata ya tsaya mana a rai, ganin yadda tsofaffinmu ba sa tuna maganin hawan jini sai ranar da kai ya sara.

Abin da ciwon ke fara ci shi ne riƙe sabon abu. Tuwon da Hajiya ta ci ɗazu kamar rubutun allo ne da aka wanke tun tawada ba ta bushe ba. Gidan aurenta na shekara 50 da suka wuce kuwa yana nan daram. In ta ce ba a ba ta abinci ba, ba sharri take miki ba, iya abin da ta sani ke nan. Ta duba inda take tsammanin kuɗinta suke, babu, ba ta kuma tuna ita ta sauya musu wuri ba. To wa ya fi kowa shiga ɗakin? Ke. Da 'yarta ce ke kwana da ita, 'yar ce za ta zama ɓarauniya.

Masu cewa sammu ne a tuna musu cewa Allah Ya ambaci wannan hali a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5: daga cikinmu akwai wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa, har ya zama bai san komai ba bayan da ya sani. Ba a rataya shi a wuyan kowa ba. Addu'a da tofi ba mai hanawa, a yi ta yi. Amma duk mai maganin da zai ce a turara mata hayaƙi har ta shaƙe, ko a ɗaure ta, ko a doke ta da sunan fitar da aljani, ko ya fara nuna wani a cikin gida da yatsa, a rufe masa ƙofa.

Asibiti za ku fara zuwa, kuma kun yi sa'ar gari. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da likitocin ƙwaƙwalwa da na jijiyoyi, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Na san da an ambaci Barnawa wani zai zabura ya ce “uwarmu ba mahaukaciya ba ce”. To ku fara da Shika, su za su tura ku inda ya dace. Ki tattara duk magungunan da take sha a leda ɗaya, na asibiti da na kemis da na gargajiya. Ki rubuta abubuwan da kike gani tun daga gida, don a gaban likita tsofaffi kan gyara zama su amsa gaisuwa tsaf, har a zaci lafiyarsu ƙalau. A duba hawan jini, suga, fitsari, jini, da ji da gani, saboda akwai abubuwan da ke kwaikwayon wannan ciwo ko su ƙara masa ƙarfi, kuma ana maganinsu: ƙarancin bitamin B12, raunin halittar nan ta wuya da kan kumbura ta zama maƙoƙo, kurumta, da ciwon damuwa, musamman ga macen da ta rasa miji. Sakin fitsarin nan da ya fara kwanan nan shi nake so a duba da wuri. Ƙwayar cuta a mafitsara, ko hawan suga, ko taurin bayan gida kan birkita tsoho cikin 'yan kwanaki, a yi magani ya koma yadda yake. Duk ranar da kuka ga ta rikice farat ɗaya fiye da yadda kuka saba, a ranar za a kai ta.

In an tabbatar cutar mantuwa ce, ba zan ɓoye miki ba, har yau ba a samo maganin da ke warkar da ita ba. Akwai ƙwayoyi irin su donepezil da memantine da kan ɗan taimaki wasu na wani lokaci, likita zai ga ko sun dace da ita. Abin da nake roƙonku kada ku yi shi ne aika yaro kemis ya sayo maganin barci. Irin su Valium ƙara wa tsoho ruɗewa suke, su sa shi jiri ya faɗi, karayar ƙugu kuwa a waɗannan shekaru sau da yawa ita ce kwanciyar da ba tashi.

Ga abin da na fi so ki riƙe a duk maganar asibitin nan: kada ki kai ta ke kaɗai. Maigida ya je, babbar yayarsa ta je, su shiga har gaban likita. Shi zai yi tambayar da bakinsa: “Likita, tana cewa ana sace mata kuɗi, ana hana ta abinci. Ciwon ne ko kuwa?” Maganar da za ki shekara kina rantsuwa a kanta ba a yarda ba, likita zai kashe ta cikin minti biyu. Kafin ku fito ku nemi ofishin walwalar marasa lafiya. Asibitocin koyarwa na da ma'aikatan da aikinsu ke nan, zama da iyali da nema wa marasa ƙarfi sauƙi.

Sai batun ko akwai inda ake taimaka wa irinku. A ƙasashen da suka daɗe da yawan tsofaffi akwai cibiyoyin wuni, a kai tsoho da safe a ɗauko shi da yamma, akwai kuma masu zuwa gida su karɓi mai jinya ya samu ya huta. A Holan tun 1997 aka fara wani zama na wata-wata a birnin Leiden, masu ciwon da iyalansu da ma'aikatan lafiya su haɗu su sha shayi su yi hira, abin ya bazu ƙasashe da dama. Japan kuwa tun 2005 take koya wa jama'ar gari, masu shaguna da ma'aikatan banki da 'yan makaranta, yadda za su gane mai wannan ciwo su taimake shi. Sama da mutum miliyan 10 sun ɗauki darasin. Mu nan ba mu kai can ba. Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar kula da tsofaffi a 2012, an kuma sa hannu kan dokar kafa Cibiyar Dattawa ta Ƙasa a 2018, amma ba lambar da za ki buga yau a turo miki mai karɓar kwana. Gidajen gajiyayyu kuwa don waɗanda ba su da kowa aka yi su, ba don Hajiya mai 'ya'ya huɗu a raye ba.

Sai dai duba abin da waɗancan suka tanada: wanda zai karɓe ki ki runtsa, inda tsohuwa za ta wuni cikin mutane, unguwar da ta san halin da take ciki, da wurin da masu jinya ke amayar da abin da ke ransu. Ba ɗaya a ciki da sai an yi gini. A jihar Goa ta Indiya an ɗauki mutanen gari da ba likitoci ba, aka ba su ɗan horo, suna zagawa gidaje suna koya wa iyali dabarun zama da mai ciwon. Binciken da aka wallafa a 2008 ya nuna damuwar masu jinyar ta ragu. Mu da ke da dangi da maƙwabta da masallaci da Islamiyya a kowane lungu, kayan haɗin na nan. Tsari ne babu. An bar abin ga “wanda Allah Ya ba iko”, wanda Allah Ya ba ikon nan kuwa kusan kullum matar ɗa ce.

Daga gida za a fara, kuma maigida ne zai kira zaman. Ayar Suratul Isra'i da ta hana a ce wa iyaye ko “tir” in tsufa ya kama su, da ɗa take magana. Malamai sun bayyana cewa hidimar uwar miji ba wajibi ba ce a kan matar ɗa, kyautatawa ce da take samun lada a kai. Wajibin na kan waɗanda Hajiya ta haifa. Ban faɗa miki haka don ki tsaya tsakar gida ki ce “ai ba ita ta haife ni ba”, in kika yi haka kin ɓata rawarki da tsalle. Na faɗa ne don ki daina jin kamar alfarma kike roƙo. Kai kuma Baban Hanif, in wannan ta iso gare ka: aljannar da kake tura ta nema a ƙarƙashin ƙafar mahaifiyarka take, kai ya kamata ka riga kowa isa.

Ki same shi lokacin da hankalinsa ke kwance, kuma kada ki buɗe da laifin yayyensa. Ki ce: “Ina tsoron ranar da zan kwanta ciwo, wa zai riƙe Hajiya? Ina tsoron ta sake fita ba a samu mai dawo da ita ba.” Sannan ki faɗi buƙatarki a ƙirge: dare biyu a mako da wani zai kwana da ita, wuni ɗaya da za ki fita, da mai taimako da za a riƙa biya. Namiji in kika ce masa “na gaji” sai ya ce sannu. In kika ce “daren Talata da na Asabar” ya san abin da ake nema a wurinsa. In ya yi ta jan ƙafa, ki kai maganar ga wanda yake jin nauyi, baffansa ko kawunsa, ya taya shi tunani.

Ranar zaman a ɗauko takarda da biro, don alkawarin baki a irin wannan taro ba ya nisa. A rubuta wa ke da wane dare, wa ke kai ta asibiti, nawa kowa zai bayar a wata. Na Abuja da ba zai iya kwana ba, nasa kuɗi ne: famfas na manya, ledar katifa, magani, albashin mai taimako, a ranar da aka tsayar, ba sai an bi shi da waya ba. Yayye su nemi izinin mazajensu su riƙa zuwa kwana. Zuwa na ce. Za a kawo shawarar a riƙa zagayawa da Hajiya, wata ɗaya nan wata ɗaya can; in da hali kada ku yarda, sauyin ɗaki da banɗaki da fuskoki ƙara rikita ta zai yi. Ita ta zauna, masu jinya su yi ta karɓa-karɓa. Kwanan zai kuma yi miki wani aikin: duk wadda ta ga Hajiya ta tashi ƙarfe biyun dare tana ƙulle kaya, ta ba ta koko da hannunta sannan ta ji tana cewa ba a ba ta ba, ta gama harararki.

A gama maganar dukiya a zaman nan. In akwai fansho, kuɗin haya, gwal ko gona, ɗaya daga cikin 'ya'yanta ya riƙe da sanin sauran, a rubuce, da shaidu. Ke ko katin cirar kuɗinta kada ya kwana a ɗakinki. Kada kuma a bar kowa ya sa ta dangwala yatsa a takardar sayar da wani abu. In abu ne mai nauyi, a je gaban alƙali ya naɗa mata wakili.

Kafin duk wannan ya kankama, ga abin da zai rage miki rigimar yau da gobe. In ta ce “kin sace min kuɗi”, kada ki rantse, kada ki ce “Hajiya ke kika manta”. Ki ce: “Subhanallahi, nawa ne Hajiya? Tashi mu duba tare.” Ki bar ta ita ta ɗaga filon, ita ta buɗe kwallar, in ke kika miƙo, kin tabbatar mata ke kika ɗauka. Da sannu za ki haddace maɓoyarta, ƙarƙashin katifa, cikin kwanukan jere, ƙullin bakin zane. Maigida ya riƙa sa mata 'yan canji a jaka, a kuma leƙa kwandon shara kafin a zubar. Abinci a rage yawa a ƙara sau. In ta ce ba ta ci ba: “Yana wuta Hajiya, taɓa wannan ayabar kafin ya nuna.”

Na la'asar ɗin sananne ne, masu ciwon da yawa sun fi rikicewa daga sanyin rana zuwa magariba. In ta yafa mayafi ta ce Alhaji na jira, kada ki ce “ai Alhaji ya rasu”. A wurinta yanzu take jin rasuwar, za ta yi kukan sabuwar takaba, gobe kuma ki maimaita mata. Ba sai kin yi ƙarya ba. Ki ce: “Wai wace miya Alhaji ya fi so ne Hajiya? Zo ki nuna min yadda kike kaɗa ta.” Ki miƙa mata faranti da wake ta tsince, ko zogale ta tsige. Macen da ta yi rayuwarta tana ɗora tukunya a wannan lokacin, jikinta ne ke gaya mata aiki na jiranta. To ba ta aikin. In ta dage sai ta fita, wani ya raka ta su zaga layi su dawo. A kunna fitila tun duhu bai shiga ba. Don barcin dare, ta sha hantsi, ta ɗan taka da rana, a rage barcin azahar, a ɗauke goro da shayi daga la'asar. A kai ta banɗaki duk bayan awa biyu ko uku ba sai ta nema ba, da dare a ajiye fo kusa da gado. Fiya-fiya, kalanzir, ashana da magunguna a kulle, rijiya a rufe, ƙofar gida a sa mata sakata can sama da 'yar ƙararrawa. Amma kada a kulle ta a ɗaki ita kaɗai.

Kada ki yi faɗa da ita kan salla. In ta yi azahar sau uku, ko ta sallame a raka'a biyu, ki bar ta. Hadisi ya tabbata cewa an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe. Azumi kuwa ku tambayi malami da likita tun kafin a ga wata.

Sai unguwa. Na san halinmu, za a ce a rufa asiri kada a ji Hajiya ta ruɗe. Rufin asirin nan shi ya fi komai haɗari a labarinki. Tsohuwar da ba a sani ba, tana yawo tana sambatu, ta faɗa gidan mutane ta ɗauki yaro tana zaton jikanta ne, kin san abin da ke iya biyo baya: kafin a tambayi daga ina take an kira ta mayya ko mai satar yara, taro kuwa ba ya jiran bayani. Mai Napep ɗin nan Allah Ya saka masa da alheri, amma ba kullum ake dacewa ba. Maigida ya taka da ƙafarsa wurin mai unguwa, liman, mai shagon bakin layi, mai shayi, 'yan sintiri da matasan majalisa, ya ce: “Mahaifiyata ba ta da lafiya, mantuwa take. In kun gan ta ita kaɗai ku gaishe ta, ku tsayar da ita da hira, ku kira wannan lambar.” Abin da Japan ke koyarwa a aji ke nan. Ke kuma ki yanki 'yan ƙyallaye, a rubuta sunanta da unguwa da lambar waya biyu da tawadar da ba ta wankuwa, ki ɗinke a gefen kowane mayafi da hijabinta. Ku ɗauki hotonta na yanzu ku ajiye a wayoyinku.

Cibiyar wunin ma kuna iya yin taku. Hajiya na da ƙawaye da abokan Islamiyya. A roƙi biyu ko uku su riƙa zuwa da hantsi a ranakun da aka tsayar, ba duka lokaci ɗaya ba, don hayaniya na gajiyar da ita. Su yi hirar da, su karanta surorin da ta haddace tun ƙuruciya. Sau da yawa wadda ta kasa tuna sunan jikanta sai ki ji ta ja Tabaraka ba tuntuɓe. Kada dai a riƙa yi mata jarrabawar “kin gane ni? wace ce ni?”, mai shigowa ta faɗi sunanta da kanta. Wannan awa biyun taki ce. Ki yi barci ko ki hau keke. Ban ce ki yi wanki ba.

Ki kuma kai maganar ga malamar Islamiyyarku, ko ƙungiyar mata irin FOMWAN in kuna da reshe kusa. Muna da kwamitin marayu, muna da adashin biki, amma mai jinyar shekaru ba mu cika tunawa da ita ba; a yi tururuwar dubiya makon farko, sannan a ɗauke ƙafa. In aka yi cigiya za ki tarar ba gidanku kaɗai ke da tsoho irin Hajiya a ƙuryar ɗaki ba, kowace mai jinya na zaton ita kaɗai ce. Ko ku biyar ne kun isa ku buɗe zaure a WhatsApp, ku riƙa haɗuwa wata-wata, ku gayyato ma'aikaciyar jinya daga asibitin unguwa ta nuna muku yadda ake yi wa tsoho wanka da juya shi a gado. Hukumar Lafiya ta Duniya na da darussa kyauta a intanet don masu irin wannan jinya, iSupport ake kiransu. Mai Turanci a cikinku ta riƙa karanta wa sauran. In kuɗi sun yi wuya, maigida ya tambayi hukumar inshorar lafiya ta jihar Kaduna, KADCHMA, yadda ake sa tsoho a tsarinta, ya kuma yi wa kwamitin zakka na masallaci magana, ba abin kunya ba ne.

Ranar da kuka je Shika ke ma ki sa a auna jininki. In kuka da rashin barci da jin komai ya fita ranki suka haura mako biyu, ki gaya wa likita, yana iya zama ciwon damuwa kuma yana da magani. In ranki ya ɓaci har kika ji hannunki na rawa, ki tabbatar ba abin da zai ji mata ciwo, ki fita tsakar gida ki yi alwala, sai kin sauko ki koma. Yara a gaya musu Hajiya ba ta da lafiya, ba a yi mata dariya, ba a kuma fushi da maganarta. Amma kada a tsame 'yarki daga makaranta a mayar da ita mai jinya.

Ciwon nan gaba yake yi, kuma yakan ɗauki shekaru. Wata rana zargin satar zai wuce, fitar ma ta wuce, a shiga lokacin ba da abinci a baki, da tsoron ƙwarewa, da juya ta duk bayan awa biyu saboda gyambon kwanciya. Tsarin bana ba zai isa baɗi ba, don haka tun a zaman farko ku tsayar da ranar na biyu, nan da wata uku.

Ki sake rubuto min in kun dawo daga Shika. Ina so in ji abin da gwajin fitsarin ya nuna, da wadda ta karɓi daren farko cikin yayyen.